Laujen Sadisu Direba

Sadisu direba ne. Shekara goma sha tara ya yi yana tuƙa motar mutum ɗaya, wani mai gida a Maitama, amma a Kuchigoro ba da tuƙi aka san shi ba. Da sunuka aka san shi, wasan nan na buga ƙwallaye da sanda a kan tebur, da wani bugu guda ɗaya da 'yan wasa suka sa wa suna lauje. Ni ce mai rumfar da teburin yake ciki, don haka yawancin abin da zan faɗa a gabana aka yi shi. Sauran kuma daga bakinsa na ji, ko daga bakin Edward, maigadin gidan da yake aiki.

Sadisu mutumin Malumfashi ne. Ya zo Abuja yana yaron tifa, lokacin da garin ba ya cin komai sai yashi da siminti. Ya koyi tuƙi, ya yi lasisi, wani ɗan kwangila ya ɗauke shi. Da farar hula suka dawo mulki sai harkar ɗan kwangilar ta buɗe, ya gina gida a Maitama mai ɗakunan da ba a san adadinsu ba, har da ɗaki guda na teburin sunuka. Oga bai iya wasan ba. Ya saya ne don ya ga abokansa suna da shi. Idan ya tafi ƙasar waje wata ɗaya ko biyu, aikin Sadisu shi ne ya tayar da motoci kowace safiya, ya kuma share teburin da burushi. A nan ya koya, shi kaɗai, ba malami, a ɗaki mai sanyin na'ura da ba mai shiga.

A shekarar 2004 matar gidan ta ce ɗakin take so, a fitar da teburin. Sadisu ya samo a-kori-kura da ƙarti shida, don dutse ne a ƙarƙashin koren ƙyallen, suka sauke shi a gefen rumfar da nake sayar da shinkafa da wake. Shekara ɗaya ke nan da rasuwar mijina, aikin buga tafireta da na yi a ma'aikata kuma kwamfuta ta riga ta cinye shi.

Ya ce, “Yaya Lantana, ga sana'a na kawo miki.”

Na ce me zan yi da teburin 'yan iska?

Ya ce, “Ki dai bar shi. Duk wanda ya yi wasa sai ya ji yunwa.”

Haka kuwa aka yi. Da teburin nan na ƙarasa rainon 'ya'yana biyu. Ina faɗin wannan tun yanzu ne don zai dawo a gaba.

Ga wanda bai san wasan ba: akwai farar ƙwallo, ita ake bugu da sanda, ita kuma ta je ta tura sauran cikin rami. Wani lokaci sai ƙwallon abokin wasanka ta tsaya a tsakani, ta tare hanya. Yawancin mutane sai su buga farar a jikin bangon tebur, su yi fatan ta dawo daidai. Sadisu ba ya haka. Sai ya ɗaga gindin sanda sama, kusan a tsaye kamar mai daka, ya sari farar daga sama ta gefe guda. Sai ka ga ta fita kamar za ta wani wuri, ta kewaye ƙwallon da ta tare ta, ta lanƙwaso ta dawo inda yake so. Shi ne lauje.

Ba ya ɓoye yadda ake yi. Akwai Marvel, wani mai Keke Napep, baki gare shi kamar rediyo, shi ya fi damunsa da tambaya.

“Oga Sadisu, abeg, faɗa mana gaskiya. Wane malami ne ya rubuta maka?”

“Malamin da ya rubuta maka talauci. Matso ka gani.”

Sai ya sa farar a tsakiyar tebur. Ya ce wuri uku ake kallo. Na ɗaya, inda farar take zaune a kan ƙyalle. Na biyu, inda bakin sanda zai sare ta. Na uku, wanda shi ne sirrin, inda bakin sandar zai sauka a kan ƙyalle da a ce ƙwallon ba ta wurin. Ka ja layi a ranka daga na ɗaya zuwa na uku. Duk yawon da farar za ta yi, a ƙarshe wannan layin za ta bi.

“To, a ina za ta juya?” in ji Marvel.

“Wannan hannunka ne. Ka taɓa shiga laka da gudu? Ka murza sitiyari, mota tana ta zamewa gaba, sai can taya ta kama ƙasa ta juya. In ka buga da ƙarfi, sai ta yi nisa kafin ta kama. In ka buga a hankali, nan kusa za ta juya.”

Marvel ya gwada, ya caki ƙyallen, farar ta yi tsalle ta faɗa cikin bokitin wanke-wanke. Daga ranar na kafa doka: ba mai ɗaga sanda a teburina sai Sadisu. Shi kuwa ko sau ɗaya bai taɓa yi wa ƙyallen rauni ba. Ɗan ɗigon allin bakin sanda kawai yake bari, in share da safe.

Ranar Asabar yake zuwa, bayan La'asar, shi da Edward. Edward mutumin Kagoro ne, dogo, mai sanƙo, ya girmi Sadisu da shekara biyu, kuma bai taɓa cin shi wasa ba. Bai kuma taɓa yarda ba.

“Direba, yau Allah ya kama ka. Na yi addu'a a kanka a coci.”

“Ka ce musu su ƙara. Wadda suka yi makon jiya ba ta iso ba.”

Shekara takwas suna haka. Ba zan ce Sadisu waliyyi ba ne. Yana da rowa, yana da girman kai, matarsa Zakiyya ta sha kawo mini ƙararsa. Amma bai taɓa caca a kan wasan ba, kuma a shekara goma sha tara bai taɓa goga motar oga a jikin komai ba. Shi yake kai 'ya'yan gidan makaranta, Yusra da ƙaninta, ya ɗauko su. Da wannan yake alfahari fiye da laujen.

A farkon 2012 na lura ya daina lauje.

Ba a rana ɗaya ya daina ba. Da farko na hagu kawai yake yi, ya bar na dama. Daga baya ko da an tare shi sai ya buga bango kamar kowa. Bugun miƙe kuwa yana nan lafiya, yana cin wasa. Sai dai na ga ya sauya kwanciya a kan sanda, yana karkata kai yadda idon hagu ne kaɗai ke kan layi. Na ga ya miƙa hannu zai ɗauki alli a bakin tebur, ya kama iska. Na ga Edward ya tsaya a damansa yana miƙa masa ruwa, bai san yana wurin ba sai da ya yi magana. Wata rana kuma ya zuba shayi rabi a kofi, rabi a benci.

Marvel ma ya lura, amma ta fuskarsa.

“Baba Lauje, layar ta ƙare ne? Ko malamin ya mutu?”

“Ƙyallen Yaya nake tausaya wa. Ya tsufa.”

“Ƙyallen ne ya tsufa ko mai wasan?”

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ni ban yi ba. Shekara takwas ina kallon wasan nan daga bayan tukunya, na san abu ɗaya. Bugun miƙe ido ɗaya ya ishe shi, kamar mai auna bindiga. Lauje kuwa daga sama kake kallo, dole ka san tazarar bakin sanda da ƙwallo, da tazarar ƙwallo da ƙyalle. Wannan sai ido biyu. Kuma mutumin da ba ya iya sanin tazarar sanda da ƙwallo, shi ne yake ɗaukar yara biyu kowace safiya ya shiga da su titin Abuja.

Na aika masa ya zo ranar Lahadi da hantsi, lokacin da rabin unguwa suna coci, rumfa ba kowa. Ya zo da farar shadda, yana tsammanin Zakiyya ce ta sake kawo ƙara.

Na ce, “Idonka na dama ya mutu.”

Ya ce, “Ina kwana, Yaya.”

“Lafiya lau. Idonka na dama ya mutu.”

Ya zauna. Ya daɗe yana murza hularsa. Sannan ya ce ba mutuwa ya yi ba, hazo ne. Ya ce ya je asibiti a ɓoye, likita ya ce hawan jinin ido ne, ba ya ciwo, daga gefe yake cinyewa yana matsowa tsakiya. Na daman ya riga ya tafi, na hagun kuma in ana ɗiga magani zai iya jinkiri.

“Likitan ya ce ka ci gaba da tuƙi?”

“Ban faɗa masa ni direba ne ba.”

“Oganka ya sani?”

“Yaya, in ya sani ranar zan ajiye makulli. Shekarata hamsin da ɗaya. Wa zai ɗauki direba mai ido ɗaya a garin nan? Yara huɗu gare ni, babbar tana makarantar koyon jinya. Hanyar nan kuwa na san ta kamar tafin hannuna. Daga gida zuwa makaranta, daga makaranta zuwa gida. Ko a rufe mini ido zan je.”

“An rufe maka ɗaya ai.”

Ya ce ba ni da tausayi. Na ce an daɗe ana faɗa mini. Na tashi na ɗauko sandarsa, na jera ƙwallo uku: fara a nan, ja a bakin ramin can, baƙa a tsakaninsu. Bugun da na ga ya yi ya fi sau ɗari.

Na ce, “Yi mini na dama. In ka yi, na rufe bakina. In ka kasa, gobe ka faɗa wa oganka da bakinka.”

Ya tuɓe babbar riga ya rataye. Ya shafa hoda a hannu, ya goga alli, ya ɗaga gindin sanda. Na ga yana lissafin wuraren nan uku, leɓensa na motsi. Ya karkata kai hagu, ya karkata dama. Ya sauke sandar a hankali don ya gwada, ta taɓa farar tun bai shirya ba. Ya ce wannan ba ya cikin lissafi. Na ce na yarda. Ya sake ɗagawa, ya ja numfashi, ya sara.

Bakin sandar ya wuce farar da kusan faɗin yatsa, ya nutse a cikin ƙyalle. Na ji ƙarar yagewa. Farar ko motsi ba ta yi ba.

Ya tsaya yana kallon yagar, tsawonta ya kai ɗan yatsa, dutsen yana leƙowa ta ciki.

Ya ce, “Zan ɗinke miki.”

Na ce ba maganar ƙyallen muke ba.

Ya ce, “Gobe zan faɗa masa. Wallahi gobe.”

Bai faɗa ba. Asabar ta zagayo ya zo da Edward kamar kullum, ya ce oga ya yi tafiya. Ta biyu ya ce oga ya dawo amma ransa a ɓace yake, ba lokacin magana ba ne. Ta uku ya ce bari a gama jarrabawar yara. Daga nan ya daina ba ni dalili, ni ma na daina tambaya.

Na san gidan. Mota biyu ce daga Kuchigoro. Edward kuma yana zama a bencina kowace Asabar, kalma biyar sun isa in faɗa masa. Na sa mayafi sau ɗaya har na kai bakin titi, na tsaya, na dawo. Abin da ya dawo da ni shi ne teburin. Mutumin da ya kawo mini abincin 'ya'yana a bayan a-kori-kura, ni ce zan je in cire na 'ya'yansa? Na ce wa kaina ai yana tuƙi a hankali, ai hanya ɗaya ce. Duk abin da ya faɗa mini na ƙi yarda, shi na riƙa faɗa wa kaina.

Sati bakwai bayan ranar Lahadin nan, wata Alhamis da rana, ya ɗauko yaran daga makaranta. Duk tsawon hanya ba abin da ya faru. Ya iso ƙofar gida ya yi hon. Ƙofar mai gangarawa ce a kan ƙarfe, ranar kuma ta cije a rabi. Edward ya fito ya tsaya ta dama yana tura ta da kafaɗa, ya ɗaga hannu alamar a dakata. Sadisu ya ga hanya a buɗe ta hagu. Bai ga hannun ba, bai ga mutumin ba. Ya shiga.

Motar irin manyan nan ce masu tsayi. Ta matse Edward da ginshiƙin ƙofa. Yusra ce ta yi ihu daga baya, shi ya sa ya taka birki. Da ya ji ihun ma bai san me ya buge ba, sai da ya juyo da kansa gaba ɗaya.

Ƙafar dama ta karye wuri uku, ƙugu ya tsage. Wata huɗu Edward ya yi a asibiti. Ba a yanke ƙafar ba, amma ba ta ƙara ɗaukarsa ba.

Oga ya sa aka duba idon Sadisu washegari. Da sakamako ya fito bai yi faɗa ba, bai kira 'yan sanda ba. Ya karɓi makulli, ya ce kada ya ƙara ganinsa a layin. Ya biya wa Edward asibiti, ya kuma ɗauki sabon maigadi tun kafin a cire ɗinki.

Na je duba Edward da kwanon farfesu. Matarsa Christina tana zaune a gefen gado, ta karɓi kwanon ta fita wanke cokali. Ya rame, sanƙonsa ya yi fari.

Ya ce, “Mama, Direba ya zo jiya. Ya yi ta kuka kamar mace. Na ce masa ya tafi, ba na son hayaniya.”

Na ce Allah ya ba da lafiya.

“Amin. Mama, ina da tambaya. Ranar da na ga ɗinki a teburinki, na ce wa ya yaga, kika ce wani ne. Shi ne, ko?”

“Shi ne.”

“Ashe kin sani.”

“Na sani.”

“Tun yaushe?”

“Sati bakwai kafin abin.”

Ya kalli silin. Ya ce, “Sati bakwai ina zama a bencinki ina cin wake.” Christina ta dawo da cokali, ya ce ba ya jin yunwa. Da aka sallame shi suka kwashe kayansu suka koma Kagoro. Na aika da gaisuwa sau biyu ta hannun 'yan garinsu, ba a dawo mini da amsa ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Sadisu ya nemi aiki ko'ina. Ya yi gadin wani shago a Lugbe, aka yi sata ta damansa, aka sallame shi. Babbar 'yarsa ta bar makaranta a shekara ta biyu, tana sayar da katin waya a bakin titin filin jirgi. Zakiyya ta fara wankau. Maganin ɗigawa wata ya samu, wata bai samu ba, idon hagun ya bi ɗan'uwansa a hankali. Lokacin da 'yan gudun hijirar Gwoza suka fara cika unguwar nan da rumfunan leda, shi ganin da ya rage masa bai fi kamar mai leƙe ta bakin kwalba ba. Yanzu wannan ma ya rufe.

Yana nan da rai. Ranar Asabar bayan La'asar yakan lallaɓo da sandar makafi ya zauna a benci, a wurin da Edward yake zama. Ina zuba masa shinkafa, yana ci, ba ma doguwar hira. An sauya ƙyallen teburin sau biyu tun lokacin. 'Yan wasan yanzu yawancinsu ba su taɓa ganin laujensa ba, labari suke ji wurin Marvel, wanda ya yi tumbi ya sayi tasi, yana kuma ƙara gishiri a labarin duk shekara.

Watan jiya wasu samari biyu suka zo daga Gwarinpa, sun ga irin bugun a waya, an ce musu akwai tsohon da ya iya. Suka durƙusa suka gaishe shi. Ya gyara zama, muryarsa ta dawo irin ta da. Ya lissafa musu wuraren uku: inda farar take zaune, inda za ka sare ta, inda sanda za ta sauka da a ce ba ta wurin. Ya ba su misalin mota a laka. Ya ɗaga sandar makafin yana nuna musu yadda ake riƙewa.

Ɗayan ya ce, “Baba, to in mutum ya duba ya duba bai ga wuri na ukun ba fa?”

Sadisu ya ce, “Sai ya ajiye sanda.”

Na ce daga bayan tukunya, “Yanzu ka sani.”

Ba ni da bakin faɗin haka, amma na faɗa. Sadisu ya laluba benci ya nemo cokalinsa, ya ci gaba da cin abinci. Samarin suka tambaya ko za su gwada a teburin. Na ce a'a.